Ba Iska Ba Ce, Tsanin Rumbu Ne

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Zuwa ga ɗana Sani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hanya. Allah ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Zariya lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da abokan zama masu tsoron Allah. Na cusa ta a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulinka, don na san ko ka manta da buɗe littafi ba za ka manta da buɗe wannan ba. Da hannuna na rubuta, da ajamin da kakanka Malam ya koya mini a Gaya tun ina yarinya, saboda maganar ba ta kunne na uku ba ce.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Abu biyu ka roƙe ni ranar nan, na hana ka duka. Ka ce a karatunku na likita ka zaɓi ka bi ƙwaƙwalwar yara, ka san abin da ke samunta in yaro ya bugu a ka, da yadda bugu ɗaya kan canza mutum har tsufansa. Ka ce malaminka na can ya ce a kawo masa yayanka ya duba, wataƙila a sami ƙwayar da za ta rage masa farfaɗiyar nan, amma sai an san yadda abin ya faro. Ka tuna mini ƙunar da ya yi a damtse lokacin sanyin bara, da ciwon ya kayar da shi a bakin murhu, ka ce wata rana ba damtse ba ne. Sai ka tambaye ni yadda abin ya faro. Na ce iska ce, duk nan Toranke an sani. Ka ce, "Inna, bai taɓa faɗuwa ba?" Ka ga abin da na yi. Na ce boko ya cinye maka kai, na ce ba mai kai mini shi a tuɓe masa riga ɗalibai suna kallo, na bar ka tsaye da alƙalami a hannu. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ga shi gobe za ka tafi.

To, ya faɗi, Sani. A kan idona ya faɗi.

Ka san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Ku 'yan yanzu kuna ganin abin dariya ne, amma a lokacinmu da shi ake auna tarbiyyar mace. Ni kuwa na ƙware. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarku Iya, ɗakinta da nawa tsakar gida ɗaya, amma in ya bi ta gabana sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta. Mata suna cewa, "Ta Gaya akwai kunya, ɗiyar malamai ce." Ina jin daɗin maganar nan har cikin raina, ba zan ɓoye maka ba. Shi ma da ya fara magana bai ce mini Inna ba, Ta Gaya yake ce mini kamar yadda ya ji ana faɗa, kuma da shi yake kirana har yau.

Da kaka ne, shekarar da aka yi bikin mulkin kai, kana goye a bayana, shi kuma bai kai ga famfara ba. Ana suna a gidanmu, mata sun cika tsakar gida, har da baƙi daga Kademi, turame suna ta tashi. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya ɗebo dawa da safe ya bar tsani jingine da rumbu. Ina daka na hango yaron ya fara hawa. Ga laifina na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito: na gan shi tun yana ƙasa-ƙasa. Da na kira sunansa da ya waiwayo. Ko "kai!" na ce da ƙarfi da ya sauko, don yana shakkata. Amma duk wadda ta ji za ta san idona na kansa. Sai na ce wa iska, ban dubi kowa ba, "Wani ya kula da yaran nan mana." Ƙarar taɓare ta haɗiye maganar, shi kuma ya ci gaba da hawa.

Tsanin ya goce. Ya faɗo da gefen kansa na dama a kan dutsen niƙa. Bai yi kuka nan take ba, shirun nan ne ya sa na saki taɓarya na nufe shi. Sai wata ƙanwar babanku, abokiyar wasata, ta ce cikin raha, "Oho, yau za mu ga ƙarshen kunyar Ta Gaya!" Wallahi ba ta nufi sharri ba, ba ta ma ga irin faɗuwar ba. Mata suka yi dariya suka waiwayo kaina. Na tsaya. Na sunkuya na ɗauki taɓaryata kamar dama ita na biyo, na koma turmina. Iya ce ta zo ta ɗauke shi, a hannunta ya fasa kuka. Ta dudduba kan ta ce, "Alhamdu lillahi, bai fashe ba." Ta danna ƙululun da gindin ludayi, ta shafa man shanu, aka ci gaba da biki. Ni ma da ni aka yi guɗa.

Abin da zan ce maka a nan ɗan kaɗan ne. A aikin da ka zaɓa za ka sha tsayawa a inda na tsaya, ga abin da idonka ya gani, ga kuma mutanen da kake jin nauyinsu. Wataƙila manyan likitoci ne, ka ga abin da ya wuce su, kana ɗalibi, kana tsoron a ce ka yi rawar kai. Ka yi magana da ƙarfi, ka kira abin da sunansa. In ka yi kuskure dariya za a yi maka, kuma dariya ba ta kwana. Sannan kada ka yarda da rashin jini. Mu a ƙauye jini ne ma'auninmu, in bai zuba ba sai mu gode wa Allah mu koma aiki, kuma duk mutumin da za a kawo maka daga irin garuruwanmu da wannan ma'aunin ya taho.

Yanzu ka ɗauko alƙalamin naka, ga abin da malaminka yake nema. Ni kaɗai na gan shi, don ni kaɗai nake kallo da gaske. Ban taɓa aron kanwa a ɗakin Iya kamar na kwanakin nan ba. In shiga in ce a sam mini kanwa, in koma in ce na manta ludayina, idona kuwa yana kan tabarmar da yake kwance. Tun yammacin ranar ya fara amai, ba tare da ya ci wani abin kirki ba. Sai barci, barci mai nauyi, a tashe shi ya buɗe ido ya dubi mutum kamar bai san shi ba, ya koma. Iya tana cewa barci ai magani ne. Bayan kunnensa na dama ya yi baƙi kamar an shafa shuni. Kuma wani ruwa yana ɗiga daga kunnen, garai-garai, ba jini ba, ba mugunya ba, har ya jiƙa gefen tabarma. Iya idonta ya riga ya yi rauni, ta ɗauka zufa ce. Ni na san ba zufa ba ce. Bayan wannan sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, wuyansa ya ƙage, kuma a cikin zazzaɓin ne jikinsa ya fara fizga a karo na farko. Da ya tashi, hannun hagu ya naɗe, ƙafar hagu tana ja.

Ga laifina na biyu. Kafin zazzaɓin, ranar kasuwa, motar gyaɗa ta tsaya a bakin gari za ta Gaya. A Gaya akwai asibitin sha-ka-tafi, kuma na san daga can sukan tura mai tsanani Kano, ai garinmu ne. Ina jin motar tana ta oda. Na sami babanku yana ɗaure jaki, na ce, "Mutanen ɗakin Iya kamar ba su tashi da daɗi ba." Ya tsaya da igiya a hannu. Na ga ya gane, labarin zuciya a tambayi fuska. Amma shi ma ɗan farinsa ne, kuma uwarsa ce ke riƙo, in ya ce zai ɗauke shi ya kai asibiti, kamar ya ce tsohuwa ta gaza ne. Sai ya ce, "Ai Iya na nan." Na ce, "Haka ne." Muka tsaya mu biyu, uwa da uba, muna yi wa juna hannunka-mai-sanda a kan ɗan da muka haifa, har motar ta tashi. Duk wanda ya leƙo ya ce ya mai jiki, sai a ce da sauƙi. Ni ma in an tambaye ni a bakin rijiya, sai in ce na ji sun ce da sauƙi.

Ban sani ba ko da an kai shi ranar da an iya yin wani abu. Kai za ka gaya mini wata rana in karatunka ya kai can, kuma ina roƙonka kada ka sassauta mini don ina uwarka.

Ga nasihata a kan wannan, ka riƙe ta da kyau don ba na jin tana cikin littattafanku. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ba amsa ba ce. Bahaushe yana bakin kabari zai ce maka da sauƙi. In an ce maka haka, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ka fara tambaya. Kuma in aka kawo maka yaro, wadda ta rungumo shi tana ta bayani sau da yawa kaka ce ko gwaggo. Ka ɗaga kai ka duba bakin ƙofa. In ka ga wata yarinya tsaye ta ba da baya tana kallon waje kamar rakiya ta yi, ita ce uwar, kuma ita ce ta ga komai. Kada ka ce mata, "Ɗanki ne?" Za ta ce maka a'a, ko ta rufe fuska. Ka aiki tsohuwar wani wuri da ladabi, ka ce ta je ta karɓo magani ko ta huta a inuwa. Sannan ka ce wa yarinyar, "Yaron gidan nan naku, ke da kike shiga ɗakin, me kika lura da shi?" Ka ba ta hanyar da za ta faɗa ba tare da ta zama ta faɗa ba. Da na sami wanda ya yi mini haka, da na zazzage masa komai.

Laifina na uku ya fi waɗannan muni, don su a firgice na yi su, shi kuwa da hankalina. Da jikin yaron ya fara fizga, Iya ta tuna wai an gan shi yana wasa a gindin tsamiyar bayan gida da tsakar rana. Nan take kowa ya ce iska ce. Ka san abin da na ji? Sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini. In iska ce, ba wanda ya bar tsani, ba wadda ta gani ta yi shiru. Sai a lokacin aka ɗora shi a jaki aka nufi Gaya, wurin Malam. Ta ƙofar asibitin muka wuce, na sunkuyar da kai.

Kakanka ba malamin da ke cewa komai aljani ba ne. Ya riƙe hannun yaron ya miƙar, ya sake shi ya ga ya koma ya naɗe, ya shafa kansa a hankali. Ya sallami kowa ya bar ni. Ya ce, "Hajara, yaron nan ya taɓa buguwa a ka? In buguwa ce, aikin masu allura ne, addu'a ta raka su." Ga ni daga ni sai ubana, ba mata, ba mai dariya, ba abin da zan fake da shi. Na ce, "Ban sani ba, Malam, ba ni ke riƙonsa ba." Na san in na ce ya faɗi, tambaya ta biyu ita ce ina nake lokacin. Ya daɗe yana dubana, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya jawo allo ya yi masa rubutu. Har ya koma ga Allah ban gyara maganar nan ba.

Don haka in mutane suka zo maka suka ce iska ce, kada ka yi musu dariya, kada ka tsinke layar yaro, kada ka raina rubutun da suka sha. Wasu ba su da wata kalma sai ita, wasu kuma, irina, a bayanta suka ɓuya. Ka bar musu iskarsu, ka ce, "To, kafin iskar ta same shi, ya hau wani abu? Jaki ya taɓa kayar da shi?" Kai ma kuma ka kula da kanka. Za ka yi kuskure a aikin nan, ba wanda ba ya yi. Ranar da ka yi, bayanin da ya fara zo maka ya wanke ka tas, shi za ka fi tuhuma.

Sai maganar ƙwarya, wannan kai ma kana cikinta. An ce yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani, sai na ware masa ƙwaryarsa da moɗarsa, na yi musu alama da wuta. Kana ɗan ƙarami na kama ka kun haɗa hannu a tuwo ɗaya, na zane ka da tsumagiya. Kana kuka kana cewa, "To ni ma a ba ni ciwon mu ci tare!" Shi kuma ya janye ƙwaryarsa ya koma bayan rumbu. Ka duba abin mamaki, kunya ta hana ni ɗaukarsa daga ƙasa, amma ba ta hana ni ware masa ƙwarya ba. Da ka dawo daga makaranta ka ce mini ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu, na ce maka ai na sani. Ban sani ba, girman kai ne.

Kafin ya faɗi ya fara biya ƙananan surori, bakinsa zaƙi, ko sau ɗaya aka biya masa ya riƙe. Bayan nan sai a biya masa da safe, kafin azahar ta zube. A makarantar allo aka yi ta dukansa wai taurin kai ne, yara suka sa masa daƙiƙi, ƙarshe aka ce ya zauna gida ya yi kiwon awaki. Ni ce fa nake koya wa 'yan matan unguwa karatu a ɗakina. 'Ya'yan mutane sun sauke a hannuna. Shi kuwa yakan zauna a bakin ƙofa daga waje yana motsa baki yana bin su, ban taɓa cewa ya shigo ba.

A nan zan ja kunnenka, don kai ma ba ka tsira ba, Malam Sani mai suna ilimi. Hutun da ya wuce da kuka zo da abokinka, kun zaunar da yayanka a kan turmi, kuna ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar gudumar nan taku, kuna ɗaga hannunsa kuna sakewa, kuna ta zuba Turanci a bisa kansa. Yana ta murmushi don ya ga kana murna. Da kuka fita ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Ta Gaya, me suka ce na yi?" Ya ɗauka laifi ya yi. Na san don ƙaunarsa ka shiga karatun nan, tun ranar tuwon nan na san inda zuciyarka take. Amma ƙwaƙwalwar da kake son sani a cikin kan mutum take, kuma mutumin yana jin ku. Duk yaron da za ka taɓa, ka fara gaya masa da Hausa abin da za ka yi, ko da ana cewa ba ya ganewa. Sun fi ganewa fiye da yadda bakinsu ke iya nunawa.

Fushin da na yi maka ranar nan kuwa, ka yafe mini. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba kai ka yi mini komai ba, kai dai ka ɗago abin da na binne. Amma kai ma da naka: a tsakar gida ka tambaye ni, a gaban mata, har da gwaggonka mai rahar nan tana zaune tana kaɗi. Tsakar gidan nan dai, ga rumbun, ga dutsen niƙan. Sai na ji na koma yarinya da taɓarya a hannu, na sake yin abin da na yi da fari. Kada ka ce na ce kunya ba kyau. Kunya adon mutum ce, ina so ka tafi da ita ka dawo da ita. Amma na zauna na auna tawa, na ga ba Allah na ji wa ita ba, ba Iya ba, ba ma yaron ba. Tsoron bakin mata ne da son a yabe ni, na ɗaura musu zanen kunya. Kunyar gaske ita ce wadda nake ji yanzu, mai hana ni haɗa ido da ɗan da na goya, har sai na ɓoye masa magana a cikin ƙuli-ƙuli.

Saura roƙonka na biyu. Na ga ni ba ni da bakin cewa a kai shi ko kada a kai shi, na daɗe da zubar da wannan haƙƙin. Jiya da hantsi, kana wurin sallama da mutane, na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa da hannunsa mai lafiya. Na zauna a gefen tabarmarsa. Ya dube ni ya matsa can ƙarshe, ya ɗauka wurin nake so.

Na ce, "Sani yana so ya kai ka Zariya, wani likita ya duba ka, ko a sami maganin faɗuwar nan. Kana so?"

Ka san yadda maganarsa take, sai ya nemo kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Da nisa?"

Na ce, "Da nisa. A mota za a je."

Ya ce, "Wa zai ba awaki dusa?"

Na ce za a samu. Ya ci gaba da murza gyaɗa. Sai na ce, "Za su tambayi yadda abin ya same ka."

Ya ce, "Ai tsani ne."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Na sani mana. Ba a tambaye ni ba."

Ba a tambaye shi ba. Ni ban tambaya ba, Malam bai tambaya ba, kai ma da alƙalaminka da gudumarka ka tsallake shi ka zo wurina. Wannan nasihar ba sai na fassara maka ba.

Sai yayanka ya ƙara da cewa, "Ke kika ɗauke ni."

Na ce, "A'a. Iya ce ta ɗauke ka. Ni ina tsaye, na koma dakana." Ban taɓa faɗar maganar nan da bakina ba sai jiya, kuma shi na fara gaya wa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ke ce. Na gan ki kin taho."

Na sake cewa ba ni ba ce. Ya ce ni ce, har ya fara ɓata rai kamar ina so in ƙwace masa wani abu nasa, sai na ƙyale shi. Ya ga tahowata, bai ga komawata ba. Duk shekarun nan da nake kau da kai in ya wuce, da ƙwaryar da na ware masa, da ƙofar da ban ce ya shigo ba, yana zaune da cewa ni na ɗauke shi. Na jawo kwandon na taya shi ɓara, hawaye yana zuba a kan gyaɗar mutane, shi kuma yana ta tura mini manya-manyan don sun fi sauƙin fasawa.

Ya ce zai je in da ni. To, da ni. Na riga na gaya wa baffanka, ya buɗe baki zai yi maganar abin da mutane za su ce, na ce masa na ji nasu ya ishe ni. In an gama kai amfani gida, ka aiko mana da ranar da malaminka ya sa, ka tare mu a tasha. Duk abin da na rubuta a nan zan maimaita shi a gaban likita, ko ɗalibai nawa ne tsaye. Abu ɗaya nake roƙonka. In mun je wurin yankar kati aka tambayi sunansa, aka ce ina uwarsa, ka yi shiru, kada ka riga ni. Ko na daɗe ban amsa ba, ka jira. Ina ta gwada sunan a bakina in na keɓe, har yanzu bai fita sosai ba, amma kafin ranar zai fita.

Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Ya buɗe maka karatu, ya sa albarka a hannunka, ya sa 'ya'yan mutane su tashi ta dalilinka. Ya kare ka daga girman kai da tsoron mutane. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka sa babanku da Iya da Malam a addu'a. Ni ma ka sa ni, na fi su bukata. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, mu uku. Amin.

Wassalam.

Innarku,
Hajara